Allon Malama Lin

Na daɗe ina jin ƙorafinku, ku ukun nan na ƙasa, ko da yake kun fi yin sa idan kuna zaton ina kicin. Wai a duk danginmu ni kaɗai ce uwar da ke kama sunan 'yar farinta, ta zaunar da ita a gefenta gaban jama'a, ta yi ta hira da ita kamar wata ƙawarta. Mustafa ya taɓa cewa Yaya Ummi ce mai gidan, ku kuwa haya kuke yi. Na yi dariya a ranar, amma maganar ba ta bar ni ba. Gwaggonku Asabe ma ta sha ba ku nata labarin, na kuma san yadda take ba da shi, da tafa hannu da riƙe haɓa. To yau ga nawa a rubuce. Sai dai ba zai shiga ba sai na haɗa muku da labarin wata jami'a a Guangzhou da ta rufe ajin yaren Suwidin da na Holan, ƙasashen da har yau ban san ta inda rana ke fito musu ba.

Na isa Chana ina da shekara goma sha tara, Ummi tana goye a bayana, ko zama ba ta fara ba. Babanku ya riga ni zuwa, yana sarin tufafi a manyan shagunan titin Guangyuan yana aika wa 'yan kasuwar Kwari a Kano. Gidanmu a hawa na tara yake. Komai na garin tsoro yake ba ni: lif ɗin da ke girgiza kafin ya tsaya, murhun gas, naman da ban san wanda ya yanka ba, tagar da nake ganin kan yaro zai iya bi ta tsakanin ƙarafunanta. Babanku yakan fita da hantsi ya dawo bayan magariba ƙafafu a kumbure, ni kuwa in wuni da tukunya da rediyon kaset da yarinya.

Ku 'yan yanzu kunyar ɗan fari a baki kawai kuka san ta. Mu a cikinta aka raine mu. Innata har ta koma ga Allah ban taɓa jin ta ambaci sunan yayanmu ba, "wancan" take cewa, in ya shigo ɗaki ta sami abin yi a tsakar gida. Ummi kuwa kunyarta biyu ce a kaina, domin sunan Hajiya, mahaifiyar babanku, aka sa mata, shi ya sa ma ake ce mata Ummi. Ni ko Ummin ban iya faɗa. Na yi mata wanka, na shayar da ita, in jikinta ya yi zafi nawa ya fi nata rawa, amma magana tsakanina da ita ba ta wuce "zo", "ci", "bari", "kwanta". Babu mai ganina a hawa na tara, amma da na buɗe baki zan yi mata wasa sai in ji kamar Inna tana tsaye a bakin ƙofa. Babanku ma 'yar farinsa ce. Nasa wasan bai wuce ya ɗaga ta sama ya ce mata "nihaw, lawban", wato sannu maigida, yadda masu shago ke ce masa, ta yi dariya ya sauke ta. Ban ga aibun komai a ciki ba. Haka na ga an yi.

Ƙofar da ke kallon tamu ta wasu tsofaffi biyu ce, Malama Lin da mijinta Malam Wu. Saboda zafin garin kowa yakan bar ƙofar katako a buɗe ya rufe ta ƙarfe mai raga, don haka rayuwarsu a idona take. Ita gajera ce, furfurarta a yanke daidai kunne, tana tafiya kamar ta makara. Shi dogo ne siriri, kullum cikin singileti yana ba furanni ruwa a baranda. A jami'a ɗaya suke koyarwa, ita yaren Suwidin, shi yaren Holan, kuma idan gardama ta haɗa su a kan gishirin miya kowa da yaren ajinsa yake mita, don kada maƙwabta su ji. Ranar da Ummi ta fara rarrafe, ƙofarsu ta nufa. Da Malama ta lura hankalina ba ya kwanciya da abin da yarinyar za ta ci a can, sai ta sayo sabuwar tukunya ta kawo har falona, ta ɗaura wa hannun tukunyar jan zare, ta ce wannan ba za ta taɓa ganin alade ba. Ɗan Sinancin da na iya a bakinta na tsince shi. Kalma ɗaya-ɗaya take yi maka magana, ta jira ka, ba ta taɓa nuna ta gaji. Haka aka yi shekara uku, Ummi ta wuni can ta dawo ta kwana nan.

A farkon shekarar da za a yi wasannin Olamfik a Chana, Gwaggonku Asabe, yayar babanku, ta zo sarin kaya. Mako biyu ta yi a wurinmu, kullum da sassafe tana kasuwar Shahe tana ja-in-ja da masu shago da kalma ɗaya tak da ta iya, "meyo", wato babu. Ran da ta sauka ta miƙa wa Ummi hannu ta ce takwarar Hajiya, ba gaisuwa? Ummi ta tsaya tana kallon ta, sannan ta juya ta tambayi babanta da Sinanci wace ce wannan. Da aka kawo taliya ta ture cokali ta ɗauko tsinkenta biyu irin na cin abincin 'yan Chana. Gwaggo ta ciro dabino daga jaka ta ba ta, yarinyar ta karɓa ta faɗi wata 'yar gajeriyar kalma, babanku ya ce wannan kam ba Sinanci ba ne. Sai da ya leƙa ya tambayi Malama muka san godiya ce da yaren Suwidin. Ya dawo yana dariya har da buga cinya. Gwaggo ta bar shi ya gama.

"Yare biyu a bakin 'yar shekara uku da rabi," ta ce, "kuma babu na ubanta a ciki."

Kwana huɗu da komawarta Kano Hajiya ta bugo waya. Ba ta yi faɗa ba, Hajiya ba ta faɗa. Ta ce idan Asabe ta koma sarin kayan salla ta taho mata da takwararta ta riƙe, kafin yarinya ta tashi ba ta san yadda ake gaida mutane ba. Babanku ya ce to. Da ya ajiye wayar ya tambaye ni ko ina da magana, na ce duk yadda Hajiya ta ce. Me zan ce? Ni kaina a hannun kakata na yi wayo, kuma uwar da ta ce ba ta iya rabuwa da 'yar fari ta gama zubar da mutuncin gidansu. Na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada a ji ni. Daga ranar na riƙa kallon yarinyar ta gefen ido tana wasa, ina haddace ƙeyarta da 'yan yatsun ƙafarta.

Ana cikin haka, wata rana da la'asar na leƙa na ga Malam Wu ya jiƙe da gumi yana fito da kwalayen littattafai daga lif, Malama tana rungume da wani ƙaramin baƙin allo. Na fita na kama musu. Da muka gama ta zuba min shayi, ta yi min bayani da kalmomin da ta san zan gane. Jami'a ta ce ba za ta ƙara ɗaukar ɗalibai a yarensa da nata ba. Kowa Turanci yake so, ga baƙi na zuwa wasanni, ga kamfanoni. Ɗakin da ta tsufa tana koyarwa a ciki an ba masu Turanci. Shi Malam Wu an ce ya koma koya wa masu aikin sa kai yadda za su nuna wa baƙo hanya da Turanci, ya kuwa karɓa, ya ce shekarunsa sun wuce na faɗa. Ita ɗalibai biyu suka rage mata, 'yan mata, an ce su koma wani fannin su ƙarasa. Na ce to yanzu fa. Ta ɗaga yatsu biyu.

"Sun ce mutum biyu ba aji ba ne. Teburin cin abincina bai ji wannan labarin ba."

Talata da Juma'a 'yan matan suka riƙa zuwa gida. Ina jin su ta raga suna maimaita wasu kalmomi masu hawa da sauka kamar waƙa, Ummi tana ƙarƙashin tebur tana bin su. Wata Juma'a na je ɗaukar ta, Malama ta ce in tsaya in ji. Ta sa ta ƙirga ɗaya zuwa goma da Sinanci, ta yi. Da yaren Suwidin, ta yi, har tana tsalle. Sai ta ce mata to da yaren Mama fa. Yarinyar ta dube ni, ni ma na dube ta. Malama ta tura ta baranda wurin Malam Wu, ta jawo kujera kusa da ni. Ta ce shekara uku tana jin gidana ta ƙofar nan. Tana jin tukunyata, tana jin karatun kaset, tana jin ina dariya da mijina, tana jin ina waya da 'yan'uwana har muryata ta dushe, amma ba ta taɓa jin ina hira da yarinyar ba. Da farko ta zaci ba ni na haife ta ba, sai ta ga yadda nake hura mata abinci kafin in ba ta. Ta ce in ba zan ji haushi ba, tana so ta san dalili.

Na yi ta kame-kame da Sinancina na kasuwa. Na ce a wurinmu ɗan farko na kakanni ne da gwaggonni, uwa nauyinsa take ji, haka ake girmama manya. Na gaya mata har maganar Hajiya, wadda ban gaya wa kowa ba. Na zaci za ta yi dariya. Ba ta yi ba. Ta ce al'ada ce mai kyau, tana ba yaro iyaye da yawa. Sannan ta tambaye ni, a gidan da na tashi, mutum nawa ne ke yi wa yaro magana a wuni ɗaya. Na fara ƙirgawa, kakata, matan baffannina, yayye, masu talla, maƙwabtan da ke shigowa aron turmi, yatsuna suka ƙare. Ta ce to a nan fa.

"Kin taho da kunyar," ta ce, "kin baro masu yin magana a madadinki. Ni wasu ne suka rufe min aji. Ke ɗalibarki ɗaya, kullum tana zuwa, malamar ce ba ta shigowa."

Washegari na zaunar da Ummi, na buɗe baki, harshena ya yi nauyi, abin da ya fito shi ne "ci abincinki". Kwana uku ina gwadawa. Na je na gaya wa Malama ba zan iya ba, ni ko firamare ban gama ba, kuma da na haɗa ido da yarinyar sai kunya ta rufe ni. Ta yi ɗan tunani tana juya kofinta. Ta tambaye ni ko akwai kunya tsakanina da tsohuwar 'yar Chana. Na ce babu. Ta ce to ita zan koya wa, dama ta daɗe ba ta zama ɗaliba ba.

Haka aka buɗe ajin Hausa a falonmu, kullum da hantsi bayan babanku ya fita. Malama takan shigo da allon ta jingina a kujera, ta zauna a tabarma da littafinta, ta ajiye Ummi a gefenta kamar jakar da ta zo da ita. Ni Malama nake kallo, ita nake yi wa magana. A lokacin rubutuna ba ya karantuwa, don haka Malam Wu ke zana mana abubuwa kafin ya tafi aiki: tukunya, tsintsiya, kaza, da wata akuya da ta fi kama da kare. In nuna in faɗa, Malama ta maimaita. Muka yi gaisuwar safe da ta yamma, da yadda ake durƙusa wa babba, da sunayen dangi. Ta ce in ba ta labarin gidanmu, na ba ta na rijiyar tsakar gida da na ranar da tunkiyar kakata ta cinye min littafin makaranta. Ban san ina da magana haka a cikina ba. Ummi ba ta cewa komai, wasa take da alli. Wajen mako na uku na lura Malama ta fara kuskuren da ba ta yi a da. Na nuna kaza ta ce akuya. Na sake nunawa ta sake cewa akuya, fuskarta a ɗaure. A karo na uku wata 'yar murya ta fito daga gefenta cikin jin haushi, ta ce kaza ce. Malama ko kallon ta ba ta yi ba, ta ce au, ta gyara a littafinta. Ni kuwa na tashi wai zan duba tukunya, alhali ban ɗora komai ba.

A ƙarshen zangon karatu aka kira Malama ta je ta miƙa makullan ofis. Malam Wu ya kawo allon ya jingina ya tafi. Na ce a raina yau babu aji, na kama shara. Da na juyo sai na ga Ummi ta shimfiɗa tabarma da kanta, a karkace, ta zauna a gurbin Malama ta harɗe ƙafa, littafi a cinya a juye. Ta ɗago ta ce min ina kwana Malama, da Hausa, yadda take jin ana faɗa kowace safiya. Na tsaya da tsintsiya a hannu. Na dubi ƙofa. Babu Inna, babu Hajiya, sai silifas ɗin Malam Wu a bakin tasu ƙofar. Na ajiye tsintsiyar na zauna a ƙasa.

"Lafiya lau, Ummi," na ce. "Kin tashi lafiya?"

Ranar sunan ya fara fita daga bakina zuwa kunnenta. Ita ba ta san wani abu ya faru ba, kaza take so a nuna mata. Da azahar Malama ta dawo idonta jajir, ta tsaya a raga tana sauraron mu, ba ta shigo ba.

Wasannin nan su suka ƙara min lokaci. A watannin biza ta yi wuya, ana tsayar da baƙi ana duba fasfo, mutanenmu da yawa suka koma gida, na gida suka kasa shigowa. Gwaggo ba ta samu bizar ba sai da aka gama wasannin, azumi ya kama. Mu kuwa muna falo, talabijin na nuna masu gudu da masu iyo, Ummi na tambaya ta wannan me yake yi, wancan me ya sa ya faɗi. Wata rana babanku ya dawo ya ce mata nihaw lawban, ta ce masa sannu da zuwa Baba, ka sayo min lemo? Ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. Ya dube ni, na dubi allo. Na sa a raina tunda yarinya ta iya gaisuwa, magana ta ƙare.

Ba ta ƙare ba. Da Gwaggo ta sauka Ummi ta durƙusa har ƙasa ta ce sannu da hanya, ya su Hajiya. Gwaggo ta yi salati ta rungume ta, ta yi ta sa ta maimaitawa. Na ji daɗi har na ƙara nama a miyar buɗa-baki. Sai da ya rage kwana biyu ta koma, mun sha ruwa muna zaune a falo, ta ce min in haɗa kayan yarinya tun yau kada a zo ana gaggawa. Ta ce tunda bakin ya buɗe Hajiya ba za ta sha wahala ba, can za ta ƙarasa. Ta kira sunan babanku ta ce ya kawo fasfon yarinyar ta haɗa da nata. Ya tashi ya nufi ɗaki. Ummi tana bakin ƙofa tana leƙen gidan Malama. Wallahi ban shirya komai ba.

"Ummi," na ce, "zo nan."

Gwaggo ta ajiye kofin kunu. Yarinyar ta taho da gudu, na ɗaga ta na ɗora a cinyata, na rungume ta a gaban yayar mijina.

"Rabi," Gwaggo ta ce a hankali, "a gabana?"

"Ki yi haƙuri, Yaya. Ki ba Hajiya haƙuri. Ba zan iya ba da ita ba."

Ta ce ashe Chana har kunya take cinyewa. Ta ce ita ta haifi bakwai, na farin ko goyonsa ba ta yi a gaban surukai ba, kuma ranar da aka ɗauke shi yaye ko kukanta ba ta bari an ji ba. Na san gaskiya take faɗa. Na kuma ga idonta ya kawo ruwa da ta zo kan yayen, ban san ko don ni ba ne ko don nata. Amma ban saki yarinyar ba. Babanku ya fito da fasfo a hannu, ya tsaya a tsakiyar falo yana kallon fanka kamar yau aka sa ta. Gwaggo ta ce ya yi magana mana, shi ne namiji. Ya juya fasfon sau biyu, ya zura a aljihun rigarsa.

"Yaya, ki gaya wa Hajiya makarantarsu ba ta yi hutu ba tukuna."

Ta ce wace makaranta. Ya nuna mata allon da ke jingine a bango da zanen Malam Wu a jiki. Ta daɗe tana kallon sa, sannan ta ce wannan kare ne ko me. Ummi ta ce daga cinyata akuya ce. Ba wanda ya yi dariya sai babanku, shi ma ya haɗiye ta.

Kada ku ɗauka abin ya wuce haka nan. Hajiya ta yi shekara guda ba ta karɓar gaisuwata. In babanku ya miƙo min waya sai in ji ta ce a ba ta takwararta. Innata ta aiko a gaya min na sa ta kasa shiga gidan suna a unguwa. Wannan ya fi min ciwo, kuma har ta rasu ba mu taɓa zama mun yi maganar ba. Da muka dawo Kano gaba ɗaya, Mustafa yana goye, sunana a gidan su babanku ya zama Rabi mai 'ya. Hajiya ta sauko a hankali, ta hanyar Ummi, wadda ke zama a bakin gadonta tana zuba mata surutu har sai ta ce a zo a ɗauke wannan rediyon. Amma riƙon da ta so ba ta samu ba, ga ta tsohuwa ita kaɗai a ɗaki. Ni na hana ta, ban taɓa cewa ba ni da laifi a nan ba.

Ku kuwa masu cewa na fi son ta, a tsakar gida kuka tashi, baki ashirin na yi muku magana kafin ku karya kumallo. Ba ku taɓa buƙatar in karya komai dominku ba. Ita ni kaɗai gare ta, kuma da na buɗe bakin ban ga dalilin rufe shi ba don jirgi ya sauke mu a Kano.

'Yan matan Malama, ɗaya ta sami aiki ta daina zuwa, ɗayar ta riƙe har ta gama. Iyakar zamanmu a can ba a sake buɗe ajin ba. Ranar da za mu taso Malama ta kawo allon a naɗe cikin tsohon bargo. Na ce ɗalibanta fa. Ta amsa min da Hausarta mai hawa da sauka, ta ce nata ya ƙare, nawa ne bai ƙare ba. Shi ne allon da ke bayan ƙofar ɗakina, wanda kuka yi ta zane a kai kuna yara, Auta har ya fasa masa kusurwa.

Wata biyu ke nan da Ummi ta haihu, can kudu inda aikin mijinta ya kai su, a saman bene, ba dangi ba maƙwabcin da ke jin Hausa. Da na je wankan jego na lura da ita. Tana shayar da yaron tana kallon bango, in ya motsa ta ce min Umma, ga shi nan ya farka. Ba ta kama sunansa. Ba ni na koya mata ba, a Kano ta tsinta kamar yadda na tsinta. Na dai gaya wa mijinta akwai saƙon da zai zo a mota. Mustafa, ranar Asabar ka naɗe allon nan a bargo ka kai tasha, da kwalin alli ɗaya, da waɗannan takardun idan kun gama karantawa. Akuyar Malam Wu ta goge tuni, sai ka zana wata. Ba sai ta yi kyau ba.